Yadda Ake Jure Zafin Bazara a Birni Ba Tare da Na'urar Sanyaya Ɗaki Ba

Bazara, wato lokacin da ke tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, ita ce mafi tsananin zafi a birane irin su Sakkwato, Maiduguri, Kano da Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Birni ya fi ƙauye shan wahala, domin siminti da kwalta da kwano suna shanye zafin rana, su riƙa amayar da shi bayan ta faɗi, alhali yawancin gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki, masu ita kuma wuta ba ta tsaya musu.

Matakin farko shi ne hana zafi shiga ɗaki. Da hantsi ya ɗaga, sai a rufe tagogi da ƙofofin da ke fuskantar rana, kada a buɗe su sai iskar waje ta fi ta ciki sanyi, wanda a bazara yakan kai bayan isha'i. Daga nan a buɗe tagogi biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa har asuba. Tabarma ko zana da aka rataya ta wajen taga ta fi labulen ciki amfani, saboda tana tare rana tun kafin ta taɓa gilashi. Gidan da rufinsa kwano ne kuma babu silin shi ne mafi haɗari, kuma shafa wa kwanon farin fenti yana rage zafin da ke sauka ƙasa.

Mataki na biyu, wanda ya fi cancantar kulawa, shi ne amfani da bushewar ruwa. Duk lokacin da ruwa ya bushe ya bi iska, yakan tafi da zafin abin da yake kai, kuma wannan ne dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, tunda jikinta yana tsattsafo. A kan wannan ka'ida Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana kayan miya, aikin da ya jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Haka nan ake jiƙa zane a rataya a bakin taga, a yayyafa wa tsakar gida ruwa da la'asar, a kuma jiƙa riga ko a ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Dabarar ta fi aiki idan iska a bushe take. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi laima, ƙarfin dabarar yakan ragu. Fanka ma tana da iyaka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafi ya wuce digiri 40, iskarta ƙara wa jiki zafi take yi, don haka sai a jiƙa fata kafin a zauna gabanta.

Sai kuma jikin kansa. A sha ruwa a kai a kai ba sai ƙishirwa ta kama ba, kuma fitsarin da ya yi ja alama ce ta ƙarancin ruwa. Wanda ya yi gumi da yawa ya dama ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma mayar da girki da aikin ƙarfi zuwa sassafe. Da dare a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, a guji cunkoso a ɗaki guda, musamman ganin cewa bazara lokacin sanƙarau ce.

Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon sukari su ne zafi ya fi kayarwa, kuma wajibi ne a riƙa leƙa su safe da yamma. Idan jikin mutum ya ɗauki zafi sosai, ya fara ruɗewa ko sambatu, ko ya suma, to bugun zafi ne, wanda ke iya kisa cikin sa'o'i kaɗan. A kai shi inuwa nan take, a sassauta tufafinsa, a kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, kada a ɗura masa komai a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, sannan a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.