Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Da Abin Shaƙar Asma

Wannan saƙon daga Maman Abba ne, a Hunƙuyi cikin ƙaramar hukumar Kudan. Ta ce ɗanta mai shekara uku yana fama da asma, musamman lokacin hunturu da lokacin da hayaƙin dahuwar mazarƙwaila ya turnuƙe unguwa. An ba shi inhela, wato abin shaƙar maganin asma, amma ya kasa shaƙa. Me za ta yi?

To Maman Abba, Allah ya ba Abba lafiya. Laifin ba na yaron ba ne. Inhela tana bukatar a danna a kuma ja numfashi a lokaci guda, abin da ko manya kan kasa. Shi ya sa aka ƙera sifesa, wato wani bututu da ake haɗawa da bakin inhela. Sifesa tana riƙe maganin, yaro ya shaƙe shi sannu a hankali. Ƙananan yara irin Abba ana haɗa musu ita da abin rufe hanci da baki.

Ki girgiza inhela, ki haɗa ta da sifesa, ki danna sau ɗaya tak, Abba ya yi numfashi biyar ko shida ta cikinta.

In ba ki samu sifesa ba, akwai mafita. A shekarar 1999, likitoci a Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba mai rabin lita tana iya maye gurbin sifesa. Amma ki bari ma'aikacin lafiya ya haɗa miki ita.

In kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa magana, kada ki jira. Ki garzaya asibiti mafi kusa, Maman Abba.