Yadda Na Haɗa Na'urar Ƙara Sauti

Sa'ad da na je gwajin koyarwa, yaran baya ba su jin karatun da na ke kunna musu a wayar hannu. Sai na sayi ɗan abin nan LM386, mai ƙafa takwas, wanda ke ƙara sauti sau 20. Ga yadda a ke haɗawa. Ƙafa ta 6 a kai ta kan batir mai bolt 9, wajen alamar tarawa. Ta 2 da ta 4 wajen ɗebewa. Sauti ya shiga ta 3, ya fita ta 5, ya ratsa kafasita mai maikurofarad 220 zuwa lasifikar tsohuwar rediyo. Ɗaya bakin lasifika ya koma wajen ɗebewa. Amma 'yan'uwa, kada ku juya batir, haka na ƙona na farko. Yanzu har na ƙurya yana ji sarai.