Amsar Tambaya: Maigida Ya Hana Rigakafi

Tambaya: Maigidana ya hana a ɗiga wa yaranmu maganin shan inna, wai yana hana haihuwa. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Daura.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki kira shi jahili. Tsoronsa yana da tushe, domin gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gardama a gaban jama'a taurin kai kawai za ta ƙara masa. In ya kawo batun haihuwa, tuna masa cikin lalama cewa yaran da aka ɗiga wa a 2004 da yawansu yau suna goyon nasu. Nemi limami ko mai unguwar da yake jin maganarsa, su raka shi asibiti ya tambaya da bakinsa.