Wankin Haƙori a Asibiti: Sau Nawa Ya Kamata Ki Je?

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Daura. Muna cikin karatun babin alwala, mun zo kan kurkurar baki da aswaki, sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa kullum na yi aswaki sai na tofar da jini. An ce in je asibiti a wanke mini haƙora, amma kishiyar babata ta ce wanki ne ke sa haƙori ya yi girgiɗi. Wanne zan ɗauka?" Kafin in buɗe baki, mata kusan goma sun ce su ma haka suke. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kan wannan magana.

Me ake wankewa?

Uwargida, a kullum akwai wani danƙo fari mai laushi da ke taruwa a jikin haƙori, musamman a bakin dasashi. Ki karce da farce bayan kin tashi daga barci, za ki gan shi. Tarin ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa da ragowar abinci, sun fi son zaƙi. Muddin yana da laushi, aswaki da buroshi suna fitar da shi. Amma idan aka bar shi 'yan kwanaki, sai sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi, ya koma kamar tsatsa ko siminti, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa. Ɗauki madubi ki duba bayan haƙoranki na gaba na ƙasa, nan ya fi taruwa, saboda maɓuɓɓugar yawu tana ƙarƙashin harshe.

To wannan tsatsar, ko kin wuni kina gurza, ba za ta fita ba. Ita ce ake cirewa a asibiti da wata 'yar na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, sannan a goge haƙoran su yi santsi, tabon goro da shayi da fure ya ragu.

Idan aka bar ta fa? Da farko dasashi zai kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya soma wari. A wannan matakin ana warkewa sarai. Idan aka ci gaba da sakaci, cutar sai ta gangara ƙasa ta riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, kuma yawanci ba ta da zafi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Haka mace za ta wayi gari haƙorinta lafiya lau, ba kogo ba tsutsa, amma yana girgiɗi har ya faɗi. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma kusan biliyan 1 daga ciki cutar dasashi mai tsanani ce ke damunsu.

Maganar wata shida

Kin sha ji a rediyo ana cewa a ga likitan haƙori duk bayan wata 6. Shawara ce mai kyau, amma ba ƙa'ida ce da ta hau kan kowa daidai ba. Tun a 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce tazarar duba haƙori ta danganta da halin bakin mutum: ga babba, daga wata 3 har zuwa wata 24, ga wanda bai kai shekara 18 ba, kada ta wuce wata 12. Sannan a 2018 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara binciken da aka yi, suka ga cewa ga manyan da ke zuwa ana duba su a kai a kai kuma ba su da cutar dasashi mai tsanani, wanki duk wata 6 ko duk shekara bai kawo wani bambanci mai yawa ga lafiyar dasashi ba, sai dai ya ɗan rage tsatsa.

Amma ki lura da kyau, kada ki ce Malama ta ce a daina zuwa. Waɗancan mutane ne da likita ya saba ganin bakinsu. Mu kuwa a nan, daga Daura har Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, da yawanmu ba mu taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba sai ranar da ciwo ya hana mu barci, aka je cirewa. Don haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne:

1. Idan ba ki taɓa zuwa ba, ki je yanzu, ko babu abin da ke miki ciwo. Bayan an duba, ki tambayi likita da bakinki: "Yaushe zan dawo?"

2. Idan dasashinki lafiya yake, ba jini ba wari, ki riƙa zuwa dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Likita ne zai ce ko akwai abin wankewa.

3. Idan tsatsa na saurin taruwa miki, ko kina yawan ganin jini, duk wata 6.

4. Idan an tabbatar cutar ta taɓa ƙashi, galibi duk wata 3 ko 4 ake so.

Waɗanda ya kamata su ƙara kula

Mai juna biyu: sauyin da ciki ke kawowa a jiki yana sa dasashi saurin kumbura da jini. Kakanninmu kan ce kowace haihuwa da haƙorin da take tafiya da shi. Ba jariri ne ke tsotse haƙorin ba. Kumburin dasashi ne, ga amai, ga kwaɗayin zaƙi, ga kasalar goge baki. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma an fi samun sauƙin zama a kujera tsakanin wata na 4 da na 6. Ki dai gaya wa likita kina da ciki. Bayan amai kuma, ki kurkure da ruwa, ki ɗan jinkirta kafin ki sa buroshi.

Mai ciwon suga: suga yana ƙara cutar dasashi, ita kuma cutar dasashi tana wahalar da saukar suga. Mai haƙorin Makka ko haƙorin roba ita ma ta kula, don datti na maƙalewa a gefensa. Idan kina da ciwon zuciya, ko sikila, ko kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa kafin a fara.

Shin wanki yana ɓata haƙori?

Nan ne tsoron yake, kuma na san inda ya samo asali. Mace za ta je wanki bayan shekaru, ta dawo tana jin iska na ratsa haƙoranta, ta ga giɓin da da babu shi, ruwan randa ma ya riƙa tsirga mata. Sai ta ce an kankare mata haƙori. A'a, Hajiya. Tsatsar ce ta cike gurbin da cuta ta riga ta cinye, kamar yaɓen da ya rufe tsagar katanga. Da aka ɗauke ta, sai ɓarnar ta bayyana. Tsirgawar takan lafa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Haƙorin da ya yi girgiɗi bayan wanki, dama can ƙashinsa ya zaizaye. Barin tsatsar ba zai cece shi ba, ƙara cin ƙashin zai yi.

Abin da ke ɓata haƙori da gaske shi ne gurza shi da gawayi ko toka, da haɗin lemon tsami da ake yi wa amare don ya yi fari. Tsami yana narkar da ɓawon haƙori, shi kuma ba ya sake tsirowa. Haka nan ki guji masu yawo da ƙarafa a kasuwa suna kankare haƙori, don ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani ya sa miki. Ki nemi sashen haƙori a asibitin gwamnati. Idan aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ki gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Aikin gida shi ne tushe

Wankin asibiti na rana ɗaya ne, danƙon nan kuwa kullum yake dawowa. Aswaki sunna ce mai ƙarfi da Manzon Allah (SAW) ya lazimta kuma ya kwaɗaitar da mu a kanta, musamman lokacin sallah da tashi daga barci. Ko na Makka ne, ko marke, ko bedi, ki tauna bakinsa ya yi laushi, ki bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ciki da waje, ki riƙa yanke bakin da ya tsufa. Kuskurenmu shi ne goge na gaba kawai, a bar turame da bayan haƙora. Ki haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, safe da kuma kafin kwanciya, minti 2 kowane lokaci. Ki canza buroshi duk wata 3. Idan kin ga jini kada ki daina goge wurin; ki ci gaba a hankali, in ya wuce mako 2 bai tsaya ba ki tafi asibiti.

Don kada ki manta, ki ɗaura zuwanki da wani wata da kika sani. Ni Sha'aban na zaɓa, kin ga an gama kafin azumi, ba ruwanki da damuwar ruwan na'ura ya wuce miki maƙogwaro da rana. Ki yi wa maigida bayani cikin hikima cewa kuɗin dubawa bai kai na cirewa da sa na roba ba, in so samu ne ku tafi tare da shi da yara.

Ita wannan ɗaliba tawa ta je, an wanke, an ce ta dawo bayan wata 6, kuma ta ce jinin ya tsaya. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu dace.