Nasiha ga Masu Ɗaura wa Tsohuwar A-kori-kura Aksul Mai Taya Bibbiyu

Daga cikin mas'alolin da suka yawaita a garejinmu a wannan zamani, akwai buƙatar masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser, waɗanda, saboda tsadar sabuwar mota da kuma kwaɗayin ƙarin lodi, sukan tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su sayo aksul ɗin baya na Kanta ko na Dyna, mai taya bibbiyu a kowane gefe, su ce a ɗaura musu. Da yake kanikanci ne sana'ata, kuma irin wannan aiki ya sha ratsawa ta hannuna, na ga ya wajaba in bayyana fa'idarsa da sharuɗɗansa.

Fa'idar ba a musunta ta. A aksul ɗin Hilux na asali, shaf ɗin da ke juya taya shi ne kuma yake ɗauke da nauyi, har ma in ya karye taya na iya ficewa mota tana cikin gudu. Amma a babban aksul, nauyi yana bisa kwankwason ƙarfen ne ta kan boris guda biyu, shaf kuwa ba shi da aiki sai juyi.

Sai dai sharaɗi na farko, wanda galibi ake gafala da shi, shi ne daidaiton lissafin haƙoran giya tsakanin gaba da baya. Idan babban faifan aksul na gaba yana da haƙori 41, finiyonsa yana da 10, lissafinsa 4.10 ke nan, ma'ana farfela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta kewaya sau ɗaya. Alhali kuwa aksul ɗin motocin kaya galibi lissafinsa ya haura 5. To, da zarar direba ya sa giyar da ke haɗa ƙafafu huɗu, sai tayoyin gaba su nemi rigan na baya, kamar shanun huɗa biyu da aka ɗaure a karkiya ɗaya, wannan yana sauri wancan yana jan ƙafa. A cikin rairayi tayoyi sukan zame su rage fitinar, amma a kan tsandauri babu inda ƙarfin zai tafi face cikin akwatin da ke raba shi. Na sha kwance irin wannan akwati in tarar da mansa yana ƙyalli da garin ƙarfe, haƙora sun guntule. Saboda haka a ƙirga haƙora tun kafin a biya kuɗi, in ba su dace ba a sauya giyar ɗayan, kuma tsayin tayoyin gaba da na baya ya zama ɗaya.

Sharaɗi na biyu birki ne. Tukwanen birkin babban aksul sun fi buƙatar mai, ƙaramin masta na asali kuwa ba lalle ya wadatar da su ba, sai ka ga feda tana nutsewa har ƙasa. Bugu da ƙari, yawancin motocin kaya birkin hannunsu yana bayan giyabos ne, don haka aksul ɗin kan zo babu shi, kuma wajibi ne a yi masa tanadi. Haka nan kujerun sifirin sai an yanke su an sake walda bisa awo, a kiyaye karkatar finiyon, domin kuskure kaɗan a nan shi ke haifar da karkarwar farfela da cin kuros.

Su kansu tagwayen tayoyin suna da haƙƙi: girmansu ɗaya, iskarsu ɗaya, a riƙa duba ta ciki wadda ido ba ya kai mata, a cire dutsen da ya maƙale a tsakani. Mai bin hanyoyin Agadas kuma ya sani cewa in ya rage iska domin rairayi, tayoyin za su gogi juna su yi zafi.

Amma babbar magana, wadda nake roƙon mai karatu ya riƙe ta, ita ce ƙarfin aksul ba ya ƙara wa mota haddin nauyin da maƙeranta suka rubuta mata. Shasi yana nan yadda yake, birkin gaba da sitiyari da giyabos duk suna nan, rauni ya ƙaura ne kawai daga wuri zuwa wuri. Shi ya sa tsagewar shasi a bayan kan mota, ko kusa da maratayin sifirin, ta zama abin da muka saba gani.

'Yan'uwana makanikai, rayukan da ke bisa lodin nan amana ce a wuyanmu, kada mu karɓi aikin da mai shi ya ƙi cika sharuɗɗansa. Kai kuma maigida, in kayanka sun kai na Kanta, ka tara kuɗi ka sayi Kanta.