Darasi na Tara: Na'urar Awo a Cikin Kwamfuta

Ɗalibi, ko ka san duwatsun da ke kewaye da Jalingo suna fitar da wani haske wanda ido ba ya gani? Sunansa hasken gama. Kowane sinadari mai fitar da shi yana da nasa ƙarfin, kamar yadda kowa yake da tasa muryar. A ma'aunin keV, na siziyom-137 shi ne 662, na fotashiyam-40 kuwa 1460.

Na'urar auna wannan haske tana da tsada ƙwarai. Akwai irinta a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, amma ba kowace makaranta ke da ita ba. Haka kuma, sinadarai irin su siziyom-137 suna iya cutar da mai taɓa su.

Saboda haka masana suka ƙirƙiro manhajoji, irin su Geant4, masu kwaikwayon na'urar. Kai ne za ka zaɓi sinadari, kwamfuta ta yi lissafi, ta zana layi mai tsini daidai kan lambarsa. Ta haka za ka ƙware ba tare da haɗari ba. Sai dai ka tuna, kwamfuta ba ta san dutsen garinku ba. Shi kam sai an kai shi ɗakin gwaji.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake kwaikwayon na'urar?
2. Tsini ya fito a kan 1460. Wane sinadari ne?