Likitan mata da doguwar naƙuda

Likitan mata lokotoro ne wanda ya gama karatun likita, kuma ya ƙara shekaru yana koyon sha'anin ciki da haihuwa. Ana samun shi a manyan gidajen haihuwa, kamar Isaka Gazobi a Yamai, da na Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Haihuwa mai sauƙi aikin ungozoma ne. Amma in jinjiri ya gicciye, ko ƙugun uwa ya yi ƙanƙanta, kamar na yarinyar da ba ta gama girma ba, sai an yi aiki an fiddo shi. Wannan sai likita.

Jira shi ke ɓata lamari. Mace ta kwana biyu bisa gwiwa, ana ba ta rubutu, ana jiran maigida ya komo daga kasuwa ya ba da izini. Duk lokacin nan kan jinjiri yana danne mafitsararta bisa ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, nama ya mutu, ya huje. Mafarin yoyon fitsari ke nan, kuma sau da yawa jinjirin ba ya rayuwa.

In naƙuda ta wuce awa 12, a ɗaura amalanke a kai ta likita mafi kusa, su za su aika ta gaba. Tun shekarar 2005 gwamnati ta yi doka cewa wannan aiki kyauta ne.